Harajin Goshin Muntari

Shekara tara ke nan cur da munka ruhe Minista, kuma ga abin da za ni gaya maku: in kun so ku yarda, in kun ƙi ku hau mashin ku zo Wurno ku tambaya, man naku na. A garin ga namu an yi mutum guda, ba gwamna ba, ba ciyaman ba, ko kansila bai taɓa yi ba, amma ya aza ma goshin ɗan Adam haraji. Goshi dai wanda kunka sani, na bisa ido. Kuma sanadin harajin ga anka yi hwaɗan da har yau in ka shahwa kan wasu magidanta tsakanin Rabah da Goronyo sai ka ji tudu da kwari.

Sunanai na yanka Umaru. Ɗan kawuna na, wato taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" shike ce mani, ni kau ina da lasin in zage shi ko gaban surukanai. Mutuwa ba ta kashe lasin ga ba. Wanda duk yaj ji na taɓa shi cikin rubutun ga kada shi yi hushi a madadinai. Da shina nan da ya rama da kanai, har da riba.

Dillalin albasa na, kuma shi ad da kulob ɗin garinmu. A takarda sunanmu Taurarin Hwadama, amma ba wanda yat taɓa kiranmu haka. 'Yan Albasa ake ce muna, wai warinmu ka riga mu isa gidan abokan gaba. Shi Umaru bai yarda a ce wasan ƙauye muke ba. Cewa shike mu ƙwararru na, tunda ana ba mu kuɗɗin wasa, ana ba mu shayi da burodi, kuma muna da riga iri guda in ka ɗebe ta Bube golanmu, wadda tsohuwar rigar sanyin matatai ta. Ni ne lamba biyar, Ladan Katanga. In nit tsaya gaban gida, ko iska sai ta yi sallama.

Sai Muntari. Ɗan Lahodu na, siriri kamar karan dawa, amma Allah ya zuba mai wuta a ƙahwar hagu. Na rantse da idona nig ga ya buga ƙwallo ya huda raga, yaw wuce yas sami jakin wani mutumin Sisawa, jakin bai sake yarda da ɗan Adam ba har yam mutu. Mutane ba mu suke zuwa kallo ba. Mu raka Muntari muke yi cikin hili.

Ku da ba ku taɓa ganin wasanmu lokacin kakar albasa ba, bari in gaya maku yadda ake yi. In ɗan wasa yaz zura ƙwallo, ba a jiran alƙali. Dillalai da 'yan kasuwa su kwararo cikin hili da manyan riguna, kowa da kuɗɗi a hannu, su manna ma wanda yac ci a goshi. Zuhwa ita ag gam. In goshi ya cika a koma kumatu, a cusa a wuyan riga, a cusa a sahwar ƙahwa. Wanga shi al liƙi. Akwai ranar da Muntari yah hito hili da abin da yah hi kuɗɗin wasanmu mu goma a haɗe.

Mu 'yan baya kau? Ni shekara shida ina tare ƙwallo da ƙirji, da baki, da wurin da ba a hwaɗi a jarida. Abu guda anka taɓa liƙa mani a goshi: dutse, a Giyawa. Bube haƙoranai biyu na gaba suna can cikin rairayin hilin Goronyo, ba wanda yab ba shi ko na goro.

Wata Asabar da la'asar muna gidan kallo, ana jiran a hwara wasan Turai, sai Tica Yohanna yak kawo labari. Tica malamin lissahi na a sakandare, mutumin Zuru, kuma shi ka yi muna alƙalanci don shi kaɗai na ba shi da ɗan'uwa a kowane ɓangare. Yac ce a wata ƙasa can gwamnati ta ce wanda duk albashinai yaw wuce wani mizani, za ta kwashe mahi yawan abin da yah hau bisa. Kulob-kulob na ta kuka, wai ko dai manyan 'yan wasa su gudu, ko kulob shi riƙa biya masu harajin daga aljihunai har shi tsiyace.

Umaru yac ce, "Ƙarya suke, Tica. Su gudu su tahi ina? Mutum shi bar uwatai da gonatai don an taɓa mai aljihu?"

Tica yac ce, "Malam Umaru, can jirgi gare su."

Bai saurare shi ba. Nig ga idonai ya yi wani ƙyalli irin wanda shike yi in albasa ta tashi a kasuwa. Kahin a tahi hutun rabin lokaci ya miƙe tsaye gaban talabijin, ya tare ma kowa kallo, ya karanta doka: daga yau duk abin da anka liƙa ma ɗan wasa, a kasa huɗu. Kashi guda nashi, kashi uku na kulob, a zuba cikin gwangwanin madara. Daga nan za a ba gola da 'yan baya, a sa ma mota mai, a biya maɗori in wani ya karye.

Tica yaj ja mai riga. "Su can abin da yaw wuce mizani suke yanka, ba duka ba. Kai tun daga nairar hwarko kaɗ ɗauko wuƙa."

"Lissahinka na aji na, Tica. Wanga na hili na."

Wani daga baya yac ce, "Allah shi taimaki Ministan Kuɗɗi!" Sunan ke nan har kabari. Kuma kada in ɓoye maku, ni nih hwara buga taɓi. Har na tashi tsaye. Mutumin da za a ba kuɗɗin wani ba shi rasa hujja.

Gaskiya kau, shekarar hwarko abin ya yi kyau, kuma ina son a rubuta wanga da babban baƙi don masu cewa Minista zalunci kaɗai yas sani. Bube ya sa haƙoran roba, ya koma dariya da baki buɗe. 'Yan baya sun daina gudun atisaye suna tahiya ƙwadago a gonakin mutane. Mun daina hawa bayan motar albasa, mun koma shatar bas. Wani ɗan wasanmu ya gurɗe a gwiwa, gwangwani yay yi mai magani har yat tashi, abin da da can sai dai uwatai ta sai da akuya. Minista bai taɓa cin ko sisi ba. A bainar jama'a shike rabawa, shina kiran suna kamar mai rabon gado.

Amma ku dubi abin ta wajen Muntari. Ka ci ƙwallo, hili ya ɗauki sunanka, a cika maka huska da kuɗɗi, sannan ka zo gaban wani ƙaton mutum mai tumbi ka tsaya kamar ɗan makaranta, shina ɓare maka goshi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓare albasa. Muntari shi karɓi kashinai guda shi wuce.

Shekara ta biyu yah hwara dabara. Da hwarko yac ce ma dillalai su daina shigowa hili, su same shi wurin mai tsire bayan wasa. Minista yaj ji, yar riga su zuwa, yaz zauna bisa bencin mai tsire da gwangwani a cinya. Sai Muntari yas sake salo: in ya ci, ba shi tsayawa murna, sai shi zarce da gudu shi hita hili gaba ɗaya shi zagaya bayan katangar makaranta, alhazai na bin shi da manyan riguna suna haki. Alƙali shi tsaya da usur a baki shina jiran ɗan wasa shi dawo daga banki.

Wadda tah hi ba ni haushi ita ta ranar da munka yi da Sisawa. Muntari ya yanke mutum huɗu, ya kwantar da gola, ya kai ƙwallo bisa layi, sai yat taka shi yat tsaya. Yaj juyo yay yahito ni da hannu. Ni kau wawa, nit taho tun daga baya ina tiƙar gudu, nit tura ƙwallo cikin raga, nit tsaya nit turo goshi gaba, ido ruhe, ina jira. Shiru. Da nib buɗe ido sai nig ga alhazai sun yi tsaye bakin layi, hannu cikin aljihu. Wani yac ce, "Wanga goshi ai na ɗaukar buhu na." Ran nan gwangwani bai ga komi ba, Muntari bai ga komi ba, kowa yat tahi gida da yunwa. Shi kaɗai ka murmushi.

Nan ya kamata Minista shi gane. Bai gane ba, sai yay yi zuciya.

Sati na gaba, a hilinmu na gida, Muntari ya ci biyu, amma abin da yak kawo bai kai na rabin ƙwallo ba. Minista yac ce ni da Bube mu riƙe shi. Mutane ba su watse ba, har da baban yarinyar da Muntari ka nema tsaye nan da kekenai. Munka danne shi ƙasa. Muntari yan nushi Bube a baki, haƙoran roba sunka yi sama, nim murɗe mai hannu ta baya har yay yi ƙara. Minista da kanai yat tuɓe mai takalmi, yaz zare sahwa, kuɗɗi sunka zubo jiƙe da zuhwa. Muntari yat tashi, leɓenai na jini, yac ce, "Minista, goshin ga nawa na ko naka?"

"Goshin naka na. Ƙwallon da yak kai gare ka ƙahwa ashirin tab bi."

"To su ci da kansu."

Minista yak kwaɗa mai mari, wanda anka ji har bakin gulbi. Muntari bai rama ba. Yad dube shi, yad dube ni, yaj juya yat tahi ba takalmi.

Nic ce, "Yallaɓai ubangidana, yaron ga hwa tahiya za shi yi."

"Shi tahi ina, bawana? Uwatai na Lahodu."

Ga kuskuren Minista nan, kuma shi na kuskuren da yay yi tun gidan kallo. Shi a kanai sai da jirgi ake gudu. Ya manta Goronyo ko jaki na kai mutum. Can akwai 'Yan Madatsa, kulob ɗin wani Alhaji mai sai da injin ban-ruwa, wanda yad daɗe shina haɗiyar yawu. Magana guda yag gaya ma Muntari: goshinka naka na. Yaɗ ɗora mai sabon mashin bisa. Kahin Juma'a ta zagayo, Muntari na sanye da shuɗiyar riga, kuma kullum da sahe shina zuwa Lahodu shi gai da uwatai shi koma.

Abin da ba mu lissahta ba, ba shi kaɗai yat tahi ba. Alhazai sun bi shi, don mai liƙi so shike a gan shi kusa da wanda ake kallo. 'Yan gabanmu biyu da sunka hwara tasowa sunka dubi gwangwani, sunka dubi hanyar Goronyo, su ma sunka bi. Munka rage mu 'yan baya zalla, ƙatti goma sha ɗaya masu iya hana ci, ba mai iya ci. Wasa biyar a jere ba a ci mu ba, ba mu ci ba, 'yan kallo na barci a tsaye. Gwangwani in ka buga shi sai shi amsa maka kamar ganga. Minista yak koma biyan bas da shayi daga aljihunai, har yab buɗe rudu, wato rumbun albasar da ya aje don jiran tsada yas sai da rabi da arha.

Nis same shi nic ce shi mai da abin rabi da rabi, shi aika a ba yaron haƙuri. Yac ce, "Bawana, in na rage, na yarda ke nan ƙahwarka ba ta kai goshinai daraja ba." Kun ji irin mutumin. Shina kashe kanai don ni, ni kau ina tsaye ina jin daɗi.

A haka, da canjaras da bugun fanareti da ikon Allah, munka kai wasan ƙarshe na kohin 'yan kasuwa. Da wa? Da 'Yan Madatsa. Anka ce a yi a Rabah, don ba garin kowa ba na. Ran nan Wurno ko kaza ba a bari ba, Goronyo ma haka. Rana na dukan ƙeya, masu rake da masu ruwan sanyi sun kewaye hili, kowane ɓangare ya zo da gora wai don korar awaki.

Kahin mu shiga Minista yak kama kunnena yaj ja. "Ka tare shi, kada ka taɓa mai ƙahwa. Ƙahwar ga ta Wurno ta, aro munka ba su." Nic ce to.

Na tare shi har anka dawo hutu. Sannan yaz zo mani a guje, yay yi kamar za shi dama, nib buɗe, yaz zura ƙwallo ta tsakanin ƙahwahuna, yaz zagaye ni kamar an dasa ni, yan narka ma Bube a kusurwa. Hili yat tashi. Alhazai sunka ruhe shi, rabinsu mutanenmu na da. Sunka liƙa, sunka liƙa, har ba ka ganin komi sai ido biyu. Sai yat tako a hankali, kuɗɗi na hwaɗuwa daga jikinai bai ko duba ba, har gaban bencinmu. Yas sunkuyo da kai. Yac ce, "Minista, ga shi. Zo ka ɓare."

Minista bai motsa ba. Hula kawai yag gyara. Amma 'yan Goronyo sun riga sun ɗauki waƙa, wai Katanga ta koma ƙohwar gari, shanu ma na wucewa. Ni dai na san kunnuwana sun toshe. Ƙwallo na gaba da anka ba Muntari, ban ko dubi ƙwallon ba. Nit tashi sama da ƙahwa biyu nis sauka bisa ƙwabrinai na hagu.

Na sha ba da labarai ina ƙara gishiri, wanga ba ni ƙara komi. Ƙarar kamar an taka busasshen icce ta. Ƙashi ya huda sahwa ya hito hwari, kahin jini shi ruhe shi. Muntari bai yi ihu ba da hwarko, kallon ƙahwar kawai shike kamar ta wani ta.

Daga nan hili yab ɓalle. 'Yan Goronyo sunka yo kaina, 'yan Wurno sunka yi kan Muntari, wai maci amana a ƙarasa shi. Gora tah hito, sarƙar mashin tah hito, benci yat tashi sama. Mai rake kahin shi juya an rabe damin nai kaf, kowa ya samu sanda. Anka tumɓuke turakun gidan gola anka karya biyu. Nig ga dattijo mai hurhura ya ɗauki bulo da hannu biyu ya sauke ma wani a kahwaɗa. Nig ga mutum na gudu da kunne a hannu, nashi ko na wani, Allah masani. Tica Yohanna ya yi ta busa usur har wani yat tura mai shi cikin baki da tahin hannu. Ni sarƙa tas same ni a gehen kai, gora biyu a haƙarƙari, sai Katanga tag ga ba wurin tsayawa ba na. Na ruga. Na hwaɗa wani gida ba sallama, na shige garken awaki, wata tsohuwa tak kihwa mani tabarma tana zagina. Ina nan kwance ina jin ihun gari.

Abin da yah hwaru a hili, Bube yab ba ni labari, don shi ya tsaya. Yac ce Minista, mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko ruwa na dukanai, ya tattare babbar riga ya ratsa tsakiyar sanduna da gudu, ya hwaɗa bisa Muntari ya ruhe shi da jikinai. Shina ihu, "Nawa na! Ɗan wasana na! Ku bari!" Mutanenmu ido ya ruhe. Duka na sauka a bayanai kamar ana sussukar gero. Sai wani yaɗ ɗaga guntun turken gida, ya auna kan Muntari, yas sauke. Ƙeyar Minista yas samu.

Wa na? Mutum uku nike zato. Biyu sun mutu, guda shina sahun gaba kullum a masallaci. Ba ni hwaɗin suna, don in an bi sawu da kyau, a ƙahwata za a tsaya.

Kwana goma sha biyu yay yi a asibiti a Sakkwato. Wasu ranaku shina magana, wasu ba shi gane kowa. Ranar da yag gane ni, da ƙyallen ɗauri a kaina, yac ce in ɗauki gwangwani in kai ma masu jinyar Muntari. Nic ce ai ba namu ba na yanzu. Yac ce, "Shekara biyu shina zubawa. Wanda yaz zuba shi ka ɗiba." Nic ce gwangwanin ba komi ciki. Yac ce a sai da sauran albasa a zuba, sannan a kai, amma lalle sai ta bi ta cikin gwangwani, don kada yaron shi ɗauka sadaka ta. Ina jiran shi tsine mani. Sai yal lumshe ido yac ce, "Kai kau, ko kyauta anka ba ni bawa irinka, an cuce ni." Maganar da yay yi mani ta ƙarshe ke nan. Ban kai kuɗɗin da kaina ba, Bube nit tura. Kulob kau tare munka ruhe su. Hilin yanzu gero ake shukawa.

Ina yawan tunanin mi za shi ce da ya ga yau. Liƙi ma an ce yanzu laihi na, kuma samarin yanzu lambar asusu suke bugawa a bayan riga, alhaji shi tura ta waya daga inuwa. Ina goshin da za ka ɓare? Sai dai ka danne mutum ka zare mai layi. A gidan kallo kullum labari guda na: wane ya bar Turai ya koma ƙasar Larabawa inda ba a taɓa albashi. Da Minista na nan da Tica ya hana shi shan ruwa da dariya. Sannan ga masu bindiga da sunka hito da nasu harajin a ƙauyukanmu, su aza ma gari, su ce mai kuɗɗi shi hi kowa biya. Mi yab biyo baya? Alhazan da sunka iya sun kwashe iyali sun koma Sakkwato, an bar wanda ba shi da kuɗɗin mota. Na san da an haɗa shi da waɗanga da ya yi hwaɗa har shi tuɓe riga, shi ce shi bai taɓa karɓa da bakin bindiga ba, kuma a gaban kowa yar raba. Gaskiya tai. Amma ni na ga abu guda a duka biyun: wanda kuɗɗi ka bi, shina da inda za shi.

To mi yar rage nai? Gida ya rage, da 'ya'ya, da suna. Kuma akwai wani abu da ban san wanda yah hwara shi ba. A ƙananan kulob-kulob na yankin ga, in ɗan gaba ya samu alheri, shi da kanai shike cire wani abu shi miƙa ma gola da 'yan baya. Ba doka, ba gwangwani, ba mai danne kowa. Kason Minista suke ce mai, kuma rabinsu ba su san ko wane na Ministan ba. Abin da yan nema da mari, ga shi ana yi da hannu sake. Ya yi daidai da yac ce ƙahwa ashirin ka kai ƙwallo gaban raga. Inda yaɓ ɓata, ya ɗauka mutum na tsayawa a ɓare shi don kawai an hi shi gaskiya.

Satin da yaw wuce, saboda rubutun ga, niy yi abin da ban yi ba shekara tara. Nih hau mashin nit tahi kasuwar Goronyo neman Muntari. Tun ran Rabah ban yarda mun haɗa ido ba; in na hango shi a biki ko jana'iza sai in tuna ina da uzuri. Nis same shi a rumhwar gyaran injin ban-ruwa, ya yi ƙiba, ya yi gemu, sanda jingine kusa da shi, ƙahwar hagu a miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Bai sake taka ƙwallo ba.

Yac ce, "A'a, Katanga. Ashe kana da rai. Zauna, amma ta dama."

Niz zauna. Yas sa anka kawo mani hura. Munka yi ma Minista addu'a, yash shahwa, nig ga ya daɗe bai sauke hannu daga huska ba. Ni da niz zo da haƙuri cike da baki, na shirya shi tun daga gida, na maimaita shi bisa mashin. Amma kun san bakina, bai taɓa bin hanyar da anka nuna mai ba. Sai nij ji kaina ina cewa, "Kai ma dai, Muntari, da ka daure ma harajin nan, da duk wanga bai hwaru ba."

Ya aje sifana. Yad dube ni tun daga hula har takalmi, yab bubbuga ƙahwar da sanda.

"Ladan, Minista uku cikin huɗu yak karɓa, kuma mutum goma sunka ci. Kai biyu kat tarar gare ni, kaɗ ɗauke guda. Gaya mani, wa kac ciyar da ita?"